Ƙanƙarar da Ta Sauko Ba da Izinin Kwamiti Ba

Yau da safe na taka zuwa gindin tudun da ake hawa zuwa coci in duba halin da motata take ciki, sai na tarar hukuma ta riga ni. Kada ku ɗauka janyo ta suka yi daga cikin kwata. Takarda suka manna mata a gilashi, wai an ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba. Na karanta sau biyu, hancina na yoyo, na ce madalla da aiki. Bawan Allahn da ya rubuta ta sai da ya nutse cikin ƙanƙara har gwiwa kafin ya kai ga gilashin, amma bai ga ƙanƙarar ba, domin a hukumance ba ta zo ba tukuna.

Ku da kuke zuwa aski wurina kun san jar motar nan mai ƙofa biyu. Shekara talatin ina riƙe da almakashi a garin nan, ba giya, ba caca, ita kaɗai ce haukata. In injinta ya yi gurnani karnukan unguwa shiru suke yi. Duk ƙarfinta a ƙafafun baya yake, tayoyinta kuwa faɗi gare su kamar faranti. 'Yata Celina tana shekara bakwai ta sa ni na rantse cewa ranar aurenta a cikin motar nan zan kai ta coci, ni da kaina a sitiyari. Ranar kuwa ta zo, Asabar ɗin da ta wuce, tsakiyar watan Mayu.

Mu nan Patagoniya, ƙurewar kudancin duniya inda sanyi ke zuwa a tsakiyar shekara, ba kalanda muke tambaya yaushe sanyi zai shigo ba. Dutsen Tsohuwa muke kallo. Akwai wani baƙin falale a ƙirjinsa da muke kira Kujera, kuma ran da farin ƙanƙara ya sauko ya zauna a Kujerar nan, kwana uku ne ya iso ƙofar gidanka. Ran nan kowa zai fito da tayoyin sanyi masu ƙusa daga rumfa ya bi layi wajen mai faci. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan a takarda, ba kuma wanda ya taɓa shan kunya da shi.

Sai Allah ya azurta mu da wani babban mutum daga arewa, inda ba a ganin ƙanƙara sai a cikin kofin lemo. Ni Sarkin Almakashi nake kiransa, ba don raini ba, sai don ya fi ni amfani da almakashi. Titi ɗaya ya shimfiɗa wa kwalta, ya yanke masa ƙyallen buɗewa sau uku. Da aka raɗa masa cewa ƙusoshin taya na karce kwaltar, ransa ya ɓaci, ya kafa Kwamitin Tabbatar da Shigowar Sanyi. Mutum goma sha ɗaya, suka tafi nazarin sanyi na mako biyu a wani gari na bakin teku inda ake kwana da fanka. Suka dawo fatarsu ta yi ja, suka sanar cewa sanyi zai shigo ranar ɗaya ga Yuni, kuma duk wanda aka kama da ƙusa a taya kafin nan za a tsare motarsa. Tayar ko-yaushe, wadda ake hawa zafi da sanyi, in ji su, ta wadatar, tunda an sayo sabuwar motar kwashe ƙanƙara mai share gari kafin mutum ya gama kurɓar mate ɗinsa, shayin ganyen nan namu na safe.

Ranar Laraba fari ya zauna a Kujera. Na leƙa shagon maƙwabcina Casimiro mai faci, wanda muke kira Siriri saboda ƙofar shagonsa da kyar take wuce da shi.

"Kai wanzami, ka ɗaga kai yau kuwa?" in ji shi, yana miƙo mini ƙoƙon mate.

"Na ɗaga."

"To kawo 'yar lelen taka in sa mata takalman sanyi."

"Dokar fa, Siriri? Su tsare mini ita ranar biki?"

"Dokar ce za ta hau da kai tudun coci? To ji, matsoraci. Ga na sanyi marasa ƙusa guda huɗu can, robarsu laushi, ba wanda ya hana su."

Na dube su. Sirara, baƙaƙe, marasa fasali. Na ce, "Waɗannan? Ai sai motar ta koma kamar ƙato a kan ƙafar zalɓe. A hoton biki fa za ta fito."

"Hilario, saurara. Tayar ko-yaushen nan taka, da sanyi ya kama ta sai ta ƙandare kamar burodin shekaranjiya. Ga faɗi, ba ta nutsa ta kama ƙasa, sai dai ta yi iyo a sama. Ga inji mai ƙarfin doki ɗari uku yana tura ta daga baya. Rawa za ka yi, ba tuƙi ba."

"An ce za a share hanya."

Siriri ya karɓe ƙoƙonsa, ya dube ni kamar yau ya fara ganina. "An ce? Kai ne yau da an ce?"

Gaskiyarsa. Shekara talatin ban taɓa yarda da maganar manya ba, sai ranar da suka faɗi abin da nake son ji. A gida ma matata Nélida ta tambaye ni, tana guga, "Tsoho, hoton mota kake so, ko amarya a coci?" Na ce mata duka biyun, ta bar wa maza zancen taya. Ta ce to, ta ci gaba da gugarta.

Asabar muka tashi gari ya yi fari fat. Na ruga dandali neman motar kwashe ƙanƙara. Tana nan kuwa, sabuwa fil, ɗaure da jan ƙyalle, ƙanƙara ta binne ta har wuya. Direbanta na tsaye a gefe, hannuwa cikin hammata.

"Ɗan'uwa, ba za ka tayar ba?"

"Makulli na ofis, kawu. Sai an yi bikin buɗewa."

"Yaushe ne bikin?"

"In sanyi ya shigo."

Na koma gida na ɗauki amarya a gaba, uwarta a baya riƙe da jelar riga. Kan shimfiɗaɗɗen titi lafiya lau, maƙwabta na yi mana tafi, ni ina hura hanci. Muna kama hawan coci sai bayan motar ya fara kaɗa ƙugu. Na ƙara mata wuta, ta ƙara kaɗawa. Ta juya da mu sau biyu, a hankali, cikin natsuwa, har na ga gidan burodi ya wuce ta gabana sau biyu, sannan ta ja da baya ta zauna cikin kwata. Ba wanda ya ji ciwo.

Muna zaune sai na ji ƙaras-ƙaras-ƙaras daga baya. Duk ɗan garin nan ya san kukan ƙusa a kan ƙanƙara. Baƙar motar Sarkin Almakashi ce, ta zo ta wuce mu tana hawa tudu kamar akuya. Ya sauke gilashi ya ɗaga mana hannu, Allah ya ƙara masa girma, mutum ne mai son talakawa.

Wanda ya tsaya shi ne Siriri, cikin tsohuwar akori-kurarsa mai tari. Bai yi mini dariya ba, da ma ya yi. Ya shimfiɗa bargo a kujerar gaba, ya ɗaga amarya ya zaunar, uwarta ta matsa kusa da ita. Ni aka ce in hau baya. Da na hau sai na ga abin da zan zauna a kai: tayoyin nan huɗu sirara. Ashe tun da gari ya waye ya loda su da jak da komai, yana jira in sauke girman kai in aika a kira shi. Aikin minti ashirin ne, in ji shi daga baya.

A ƙofar coci na diro, kwat ɗina duk baƙin roba, na fara kame-kame: kwamiti ne, makulli ne, doka ce. Celina ta gyara mini wuyan riga, ta kakkaɓe mini kafaɗa.

"Baba, bar shi. Kowace Lahadi kana goge motar nan ina leƙenka ta taga. Ban taɓa kallon tayoyinta ba ko sau ɗaya. Kai nake so in gani a sitiyari."

Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba, kuma ba sanyi ne ya kawo hawayen ba. Hoton bikin ya fito da kyau. Amarya ce tana saukowa daga akori-kura, hannunta cikin hannun Siriri. Nélida ta ce a falo za a rataye shi, daidai inda kujerata ke kallo.

Ɗazu a rediyo kwamiti ya taya mu murnar cewa saura kwana goma sha biyu sanyi ya shigo, kuma shiri ya yi nisa. Don haka, jama'a, duk wanda zai zame kafin ranar, don Allah ya zame a asirce, kada ya kunyata manya.