Giyar da ta Kayar da Kyaftin

"In ban kai bakin teku a kan keken nan na wanke ƙafata da ruwan gishiri ba, ku aske mini gashin baki a gaban jama'a!"

Kyaftin ke nan, tsaye a ƙofar shagon mai aski, ƙafa ɗaya a kan feda. Kada sunan ya ruɗe ka, abokina. Bai taɓa shiga jirgi ba, na ruwa ko na sama, in kuwa ya hango soja sai ya canza hanya. Tikiti yake sayarwa a tashar mota. Shekara da shekaru yana tura mutane garuruwa, shi iyakarsa ƙofar tasha, amma in yana ba da labarin duniya sai ka rantse shi ya auna ta da igiya.

Gashin bakin nan kuwa shi ne duk abin da ya mallaka. Kullum sai ya shafa masa mai, ya taje shi, ya murɗe gefe da gefe sama kamar ƙahon rago. Mai aski ya daɗe yana kallonsa yana haɗiyar yawu, don haka ko da ya ji rantsuwar sai ya ajiye almakashi.

"Kun dai ji da kunnenku, jama'a. Ni ban roƙe shi ba."

Keken na ƙanin matarsa ne, irin na zamani mai giya barkatai. Mai keken ya so ya yi masa bayani.

"Yaya, in ka zo hawa tudu, ka mayar da shi ƙaramar giya..."

"Ƙarama? Ni? Ƙaramar giya ai ta ƙananan mutane ce. Matsa ka ba manya wuri."

Matarsa tana tsaye da ƙullin guzuri a hannu. Ta san shi kamar yunwar cikinta.

"Baban yara, in ajiye maka abincin rana ne?"

"Abincin rana? Ki dai tanadi tukunyar da za ki dafa kifin teku!"

Ya ɗora hular kwano, ya murɗa giya har ƙarshe, ya taka. Da fari abin gwanin sha'awa, don hanya shimfiɗaɗɗiya ce, ga inuwar itatuwan kwakwa, ga gonakin ayaba hagu da dama. Yana ɗaga wa mutane hannu kamar wanda ya ci zaɓe. Sai rana ta ɗaga. Iskar wurin mai ɗumi ce, mai nauyi, gumi ya fara yi masa wanka ba sabulu. Sirdi ya fara gaisawa da mazaunansa, irin gaisuwar da ba a so. Gashin bakin da ya fito yana kallon sama ya sunkuya yana kallon ƙasa.

Ana cikin haka tudu ya bayyana. Ba wani tudun a-zo-a-gani ba ne, wata tsohuwa ma tana hawansa da dami a ka. Kyaftin ya miƙe tsaye a kan feda, ya cije leɓe, ya danna. Babbar giya ta ce ba ta san zancen ba. Ya sake dannawa har jijiyar wuya ta fito. Tsohuwa ta wuce shi.

"Sannu, ɗan nan. Tafiya kake ko tsayuwa?"

Kafin ya ba ta amsa hadari ya kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Keke ya tsaya cak, ya yi tunani, ya fara komawa da baya. Kyaftin ya nemi birki ya kama ƙararrawa. Haka ya gangaro yana kiriring-kiriring, ya tsallake titi, ya zube a cikin kwata, keke a kansa.

Yana kwance a taɓo wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce.

"Ka isa tekun ne? Na ji ƙarar ruwa."

"Bar ni, Maman yara! Giya ce ta yi mini yawa, ta kayar da ni a kwata!"

"Giya? Inna lillahi! Baban yara, yaushe ka fara..."

Ruwa ya shiga wayar ta mutu. Shi ko a jikinsa, gashin baki kawai yake tunani. Da ya rarrafo bakin titi sai ga babbar mota shaƙe da ayaba, dabara ta faɗo masa. Wa zai sani? Mota ta kai shi, ya sauka kusa da teku, ya ƙarasa a kan keke yana haki. Ya tare ta.

"Ina za ka?" in ji direba.

Kyaftin ya ɗaga hanci. "Gaba."

"Mu ma gaba za mu. Hau."

Ka ji fa. Mutumin da aikinsa ke nan, tambayar mutane ina za su, bai tambayi mota ina ta nufa ba, ya kuma manta cewa ya tsallake titi lokacin da ya faɗi. Ya jefa keke a baya, ya shige ƙarƙashin tamfol don kada idon sani ya gan shi, gajiya ta yi awon gaba da shi.

Ƙarar ruwa ce ta tashe shi, shaaa, shaaa, tana dukan jikin motar. Ya leƙa ta ramin tamfol ya ga farin kumfa yana malala a ƙasa. Ya yaye tamfol, ya diro da ɓawon ayaba a kafaɗa, hannuwa a sama.

"Teku! Ga ni na zo!"

Mai wankin mota ya kashe tiyo yana kallonsa. A tsallaken titi ga shagon mai aski, ga jama'ar unguwa sun yi cincirindo, ga matarsa da jajayen idanu, ga babban yayansa da aka kira don ya yi masa faɗa. Yayan ya tako a hankali, ya kama haɓarsa.

"Buɗe bakin in shinshina."

"Yaya, wallahi giyar keke ce!"

"Au, har keken mutane ka koya wa?"

Sai da ƙanin matar ya yi ta bayani, yana nuna kaca yana murɗa hannun keke, kafin aka gane. Kuka ya koma dariya, har wani yana riƙe ciki. Kyaftin ya ji sanyi a ransa, ya zaci an yafe. Yana juyawa ya ga mai aski ya riga ya fito da kujera bakin titi, ya jawo wayar lantarki, yana kaɗe ƙyalle.

"Bismillah, Kyaftin. Jirgi ya iso tasha."

Ya roƙa, ya haɗa da Allah da Annabi, ya ce ai ya taɓa ruwa mai kumfa. Ba wanda ya saurare shi. Aka zaunar da shi, injin aski ya yi ƙugi, gefen dama ya zube a kan ƙyalle, hawaye na bin sa. Mai aski ya zagayo gefen hagu ke nan aka ɗauke wuta.

"Kash! Bari in ɗauko reza in ƙarasa."

Matar ta goge ido da bakin mayafi, ta ƙare wa mijinta kallo.

"A'a, bar masa haka. Ko banza yau dai ya kai rabin wani abu."