Bokitin Tumatirin Da Na Kai Suna Toranke

Ko zan manta da komai a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗan farin ƙanwar mijina ba. Har yau in na tuna, sai in ji kamar in ja mayafi in rufe fuskata, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Ni malamar firamare ce a Gaya. Gidanmu Barebari ne, tun kakanni atamfa da turare muke sayarwa, babu wanda ya taɓa riƙe fartanya da niyyar aiki. Mijina kuwa, Abban Hanan, Bafulatanin Toranke ne, gidansu ko jariri aka haifa da ƙasar gona a tafin ƙafa yake zuwa. Duk zuwan da za mu yi, sai Goggo, ƙanwar mahaifinsa, ta tare ni da tsiya: "Babarbariya, zo ki nuna min gero a cikin dawa." Wasan Fulani da Barebari ne, na sani, ina ma ramawa. Amma abin yana ci min rai, musamman da yake ranar da na gwada nunawa, masara na nuna.

To, wannan haushin ne ya sa na shiga noman tumatir. Na kalli bidiyo a waya har idona ya yi ja, na tara buhunan siminti a bayan kicin, na cika su da ƙasa, na zabga musu kashin kaji kamar ina fushi da su. Mutane suna shuka nasu da shigowar sanyi, ni sai da sanyin ya fara sallama sannan na tashi. Shuka kuwa ta yi kyau, kar ki so ki gani. Ganye shar, tsayi har ƙirjina. Kullum da safe sai na ɗauki hoto na ɗora a waya, in rubuta "manomiyar zamani" a ƙasa (Allah ya yafe min). Da 'ya'ya suka fito, manya-manya kamar dunƙulen hannu, sai kaina ya ƙarasa kumbura.

A lokacin Sa'a, ƙanwar mijin nawa, ta dawo gida goyon ciki. Muka je duba ta, ana hira a tsakar gida, surukata Inna ta ce zafi ya shigo, tumatir ya fara wuya, ko yaya za a yi da miyar suna. Ba wanda ya tambaye ni. Wallahi ba wanda ya ko kalle ni. Ni ce na gyara zama na ce:

"Inna, kada a sayi tumatir ko ƙwaya ɗaya. Na suna daga lambuna zai fito."

(Lambu fa na ce. Buhunan siminti a bayan kicin.)

Inna ta ce, "To, Allah ya yi albarka." Goggo kuwa ta tafa hannu ta ce, "Barebari sun fara noma, ku yi ta istigifari, duniya ta zo ƙarshe."

Daga ranar tumatirin nan ya ɗaura aniyar tozarta ni. Ya gama girma, ya tsaya cak. Kore shar, tauri kamar goruba. In duba da asuba, kore. In dawo daga makaranta ko jaka ban ajiye ba in leƙa, kore. Rana tana dukan garin Gaya kamar za ta narka kwalta, komai yana nuna, mangwaro yana faɗowa da kansa, har fuskata ta nuna, amma ban da tumatirina. Maƙwabciyata ta ce in rage ganyen, na aske shi tas. Wata malama a makarantarmu ta ce in daina ba shi ruwa ya ji wuya, na daina. Wata ta ce baki ne, ai hotunan sun yi yawa, na goge su, har tofi na yi wa buhunan. Akwai ranar da Abban Hanan ya same ni a tsugune ina cewa wani ƙato daga cikinsu, "Kai don Allah me na yi maka?"

Ya tsaya ya kalle mu, ni da tumatirin, ya ce, "Wannan fa ɗan ƙwallon ƙasa ne, ba zai cire koriyar riga ba."

Ban yi dariya ba. Tuwonsa ma ranar da gudaji ya ci shi.

Ana haka aka bugo waya, Sa'a ta sauka lafiya, an samu ɗa namiji. Kowa yana murna, ni ina ƙirga kwanaki, don saura mako guda suna. Na koma wa malamina na asali, wato waya. Na samu wata mata tana bayanin cewa in ka saka ɗanyen tumatir a jakar takarda tare da nunanniyar ayaba, iskar da ayabar ke fitarwa za ta sa shi ya nuna.

A nan ne ilimina ya motsa. Na ce in ayaba ɗaya tana aiki, ai nonon ayaba guda ya fi. In ayaba tana yi, mangwaro ma ɗan'uwanta ne. In kuma iska ake so ta taru, me zai sa in yi wasa da takarda alhali ina da bokitin fenti mai murfin da ko ruwa ba ya fita? Na tsinke tumatirin kaf, na jera a bokiti, na cusa ayaba da lugubgubin mangwaro a tsakani, na danne murfin har sai da na hau kai na zauna. Sannan na ce zafi ai shi ke nunar da abu, na sa tsani na ɗora bokitin a kan kwanon kicin, inda rana ta fi iya rashin mutunci.

Abban Hanan ya ce, "Maman Hanan, ki bari in biya kasuwa in sayo ko ɗan kwando ne. In naki ya nuna sai a haɗa."

Na ce, "Wato ba ka yarda da ni ba ke nan."

"Ba haka ba ne. To ko za ki buɗe ki duba?"

"In buɗe iskar ta gudu? Kai dai ka tsaya a kan abin da ka sani."

Bawan Allah ya juya ya tafi harkarsa. Ana gobe suna na sauko da bokitin, na ga murfin ya kumburo sama kamar cikin wanda ya ƙoshi da ɗanwake. Mai hankali zai tsorata. Ni kuwa na shafa shi na ce masha Allah, aiki ya yi.

Ranar suna shi da Hanan suka yi gaba a babur saboda raɗin suna. Ni na tsaya na caɓa ado, sabuwar atamfa, ɗauri ya kai ɗauri, na tari adaidaita na rungume bokitina a cinya. Duk ramin da muka faɗa tsakanin Gaya da Toranke sai in ji wani abu ya ce ƙulululu a ciki. Na ce a raina, ruwa ne ya cika su, irin masu kyan miya ke nan.

Na tarar da gida cike da mata. An hura wuta, an yanka albasa, an gyara attaruhu da tattasai, tumatirina kawai ake jira a kai markaɗe. A kan tabarma kusa da Inna ga Hajiyar Gafasa, wato uwar mijin Sa'a, kakar jaririn, ta yi sammako cikin farin leshi fes, irin wanda ko ƙuda yake jin nauyin sauka a kai. Na durƙusa na gaishe su, na yi barka, sannan na dire bokitin a tsakiyar gida.

Da na buɗe shi a gefe, shiru-shiru, da abin ya zo da sauƙi. Ina! Sai da na miƙa wa wata ƙawar Sa'a wayata na ce ta ɗauke ni bidiyo. Sai da na kira Goggo na ce ta matso ta ga noman Barebari da idonta. Har wani ɗan jawabi na yi, na ce wannan ba irin na kasuwa ba ne da ake fesa wa magani, da hannuna na raine shi. Hajiyar Gafasa ta taso tana cewa, "Ikon Allah, malamar makaranta da noma? Bari in gani." Ta sunkuyo ta dama, Goggo ta sunkuyo ta hagu. Na karɓi wuƙa na zura a gefen murfin, na ce bismillah, na banƙara.

Fum!

Murfin ya yi sama har ya daki reshen darbejiya. Wani ruwa mai kumfa, shi ba kore ba shi ba rawaya ba, ya yi tsiri ya sauko mana kamar ruwan farkon damina. Awaki suka tsinke igiya. Jariri ya tsala ihu daga ɗaki. Da na buɗe ido, ɓawon ayaba na rataye a ɗaurina, Goggo tana tofar da abin da ya shiga bakinta, farin leshin Hajiyar Gafasa kuwa ya koma kamar tsumman goge tukunya. Akwai wani ƙwallon mangwaro da ya zauna daram a kafaɗarta, ban san yadda aka yi bai faɗo ba.

Sai warin ya iso. Tsami, ɗoyi, da wani abu mai hawa ka. Goggo ta shinshina hannun rigarta, ta zaro ido ta ce:

"La'ilaha illallahu! Giya ce! Jama'a, Babarbariya ta kawo mana giya gidan suna!"

A nan ya kamata in fashe da kuka, ko in faɗi in yi kamar na suma. Amma bakina, wanda shi ya jawo min komai tun farko, bai gama aikinsa ba. Ji kawai na yi na ce:

"Goggo, a ina kika san warin giya?"

Wata tsohuwa ta saki salati. Inna ta sa gefen mayafi ta toshe baki, kafaɗunta suna rawa. Goggo ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ke, 'yar nema! Sau ɗaya aka taɓa wucewa da ni ta Sabon Gari a mota, gilas a buɗe!" Ai sai gida ya ɓarke. Masu dariya suna yi har da riƙe ciki, masu toshe hanci suna yi, kaji kuwa sun yi dafifi a kan abin da ya zube suna ta caccaka. (An ce wani zakara ya wuni yana tafiya a karkace. Ni ban gani ba, amma ban musa ba.)

Na zube gaban Hajiyar Gafasa ina ba da haƙuri, don ita ba abokiyar wasana ba ce, surukar gida ce, kuma mutuncin Sa'a ne a hannunta. Ta ɗauke ƙwallon mangwaron daga kafaɗarta da yatsu biyu, ta ajiye a ƙasa a hankali, ta ce, "Ba komai, 'yata. Amma in an sake haihuwa, ki ɗauki nauyin gishiri. Shi ba ya fashewa."

Na juya wajen Inna, hawaye ya fara zubowa, na ce, "Inna, miyar fa? Na hana a sayi tumatir."

Ko a jikinta. Ta leƙa ɗaki ta ce a fito da robar nan. Aka fito da ƙatuwar roba cike da kauɗa, busasshen tumatir, an jiƙa shi ya yi laushi, markaɗe kawai yake jira. Ta ce, "Ai yaron nan, mijinki, ya bugo tun shekaranjiya, ya ce in tanadi kauɗa, kada kuma in gaya miki."

Wallahi wannan ta fi fashewar bokitin ciwo. Ashe duk gidan an san zancen, ni kaɗai ce nake ta rawar kai.

Haka na wuni a bakin rijiya cikin zanen aro na Goggo, ina saɓa leshin Hajiya, ana ta shiga da fita ana min sannu da noma. Miya ta yi daɗi, kowa ya yaba. Ƙawar Sa'a kuma, Allah ya saka mata, ba ta tsayar da bidiyon ba har ƙarshe, kuma kafin ta dawo min da wayata ta tura wa kanta.

Da la'asar Inna ta ce in tafi da bokitina kada ya ƙarasa mata kaji. Na tari wani adaidaita, jiƙaƙƙiyar atamfata a leda. Ba mu yi nisa ba direban ya fara shinshine-shinshine, yana leƙena ta madubi. Can sai ya kashe waƙar da yake ji, ya kunna wa'azi, ya ƙure murya. Da na sauka a Gaya, ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, ba shiga sharo ba shanu ba ne, amma ƙofar tuba a buɗe take."

Na buɗe baki zan yi bayanin ayaba da mangwaro da murfi, sai na ga zancen zai yi tsawo. Na ce, "Na gode, malam, a sa mu a addu'a."

Da Abban Hanan ya dawo na tare shi da cewa ya tona min asiri. Ya ce shi a saninsa rufawa ya yi. Duk da haka na yi fushi na kwana biyu, saboda kada ya saba. Daga baya ne na ji cewa tsananin zafi shi ke hana tumatir yin ja, da na shimfiɗa su a ɗaki mai sanyi na ƙyale su, da sun nuna da kansu. Wato duk abin da na yi, kishiyarsa ake so.

Darasin da na ɗauka ba na noma ba ne, wannan na bar wa masu shi. Nawa shi ne: duk abin da za ki buɗe a gaban surukai, ki fara buɗe shi a gidanki, ke kaɗai, cikin tsohon zane, ƙofa a kulle. In kuwa kin ƙi ji har ya fashe, to ki taimaki kanki ki rufe bakin, tunda bokitin ya riga ya yi magana.