Kabad ɗin Uwar Kabeji

Kun taɓa ganin wanda ya sadaukar da cikinsa domin al'umma? To ku zo ku ga Uwar Kabeji, shugabar shirin gyara cin abincin ɗalibai mata a jami'a. Ofis ɗaya, madubi uku, hotunanta tara a bango, a kowanne tana riƙe da karas kamar sandar mulki.

Ranar da ta kama aiki ta tara 'yan mata. "'Ya'yana," in ji ta, "kafin zuwana ba ci kuke yi ba, haɗiya kuke yi. Daga yau na haramta biskit, na kori cakulan, lemon kwalba kuwa ko sunansa kar in ji!"

Nan take ta fara sintiri ɗaki-ɗaki. Hancinta baiwa ne: daga bakin ƙofa take jiyo kek ɗin da ke ƙarƙashin katifa. A ɗaki ɗaya kawai ta kwashe biskit leda goma sha ɗaya da alawa kwali biyu. Duk ta zuba a kabad ɗin ofishinta, ta rataya makulli a wuya.

Shiri ya yi albarka. 'Yan mata suka rame, Uwar Kabeji ta yi haɓa biyu, ta ƙara ta uku. Ta ce nauyin shugabanci ne.

Sai shugaban jami'a ya aiko: zai zo a kwashi kayan a ƙona. In tulin ya burge shi ta ci gaba da riƙe kujerarta, in ba haka ba ta sauka.

Ya iso, ɗalibai sun cika ƙofa. Ya ce a buɗe kabad. Ta ce makulli ya ɓata.

"Mama, ga shi nan," in ji wata ɗaliba, "ƙarƙashin haɓa ta uku."

Aka buɗe. Ledoji fanko suka zubo har gwiwar shugaba. Abin ci ɗaya ya rage: karas ɗin ɗaukar hoto, ya yanƙwane.

Uwar Kabeji ta faɗa kan kujera. "Ranka ya daɗe, guba ce! Na ga hayaƙinta zai ɓata iska, shi ne na shiga tsakaninta da 'ya'yanmu."

Shugaba ya ce ta tashi daga kujerar. Ta yunƙura, kujera ta biyo ta. Sai da aka kira kafinta.

Don Allah ku gwada: duk wanda ya ƙwace muku abinci saboda lafiyarku, ku ƙirga haɓarsa yau, ku sake ƙirgawa ƙarshen zango.