Kabad ɗin Kakannin Meneer Brinkhuis

Duk layinmu na bakin ruwa, kai, duk Amsterdam ma, ban ga wanda asali ya yi wa kyau kamar Meneer Lodewijk Brinkhuis ba. (Mu nan Meneer ake ce wa namiji don girmamawa, mace kuma Mevrouw.) Wasu da asalinsu aka haife su, ko gumi ba su yi ba. Shi kuwa bawan Allah sai da ya ƙare ƙuruciyarsa a gaban tafasasshen mai, yana soya dankali yana ƙunsa wa 'yan makaranta a takarda, kafin ya tara abin da zai sayi nasa. Rumfa ta zama shago, shago ya zama kamfani. Ya sayar da kamfanin, ya sayi hawa biyu na sama a gidan da ke jikin nawa, ya ɗinka kwat ta karan-miski. Tun daga nan in ya ji ƙamshin suya a titi sai ya toshe hanci ya ce, "Oh, talakawa da maiƙo!" Mu muka raɗa masa Ɗan Asalin Bana. Da ya ji, har godiya ya yi.

Abu ɗaya ya hana shi barci, katin Ƙungiyar Tsofaffin Gidaje. Ba a neman shiga ƙungiyar nan, ba a kuma sayen kujera. Sau ɗaya a shekara, in ganye ya fara zuba, dattawanta kan bi bakin ruwa da yamma suna kallon ɗakunan mutane ta taga, tunda mu nan ba ma sakin labule. Gidan da ya kwanta musu, su zura kati ta ramin wasiƙa su wuce. Katin nan shi Meneer Brinkhuis ke so, har ya tanadar masa firam.

Sai aka yi gwanjon kayan wani gida da zuriyarsa ta ƙare a garin Haarlem. Can ya samo shi: kabad na baƙin katako mai ƙofofin gilashi, ya fi ƙato tsawo, ƙafafunsa kamar dagin zaki, a kansa an sassaƙa wani kambi mai furanni. Gaskiya kabad ya amsa sunansa, ban ƙi ba. Abin mamakin shi ne, kafin motar ta iso gari ya riga ya zama na kakan kakan Meneer Brinkhuis, wani attajiri mai jiragen ruwa da ba wanda ya taɓa jin labarinsa, har da matarsa Geertje.

Geertje ta ce a auna taga tukuna, don ko kujera da ƙyar take hawa matakalar gidajenmu, komai da igiya ake jansa ta ƙugiyar da ke can ƙololuwar gini. Ya dube ta da tausayi. "Geertje, Geertje. Tef na teloli ne. Gidan nan da kabad ɗin nan sa'o'in juna ne, sun san juna tun kafin a haifi uwarki."

Asabar ya zaɓa, don kowa na gida. Ya tsare hanya, masu kekuna na ƙararrawa suna zagi, ya hau dakalin ƙofa ya buɗe hannuwa.

"Maƙwabta! Yau ba kaya ake ɗagawa ba, tarihi ake mayarwa mazauninsa. Ku kira yaranku su gani, don wata rana su faɗa wa nasu."

Aka ja igiya. Tarihi ya tashi sama a hankali yana lilo, ya isa taga, ya tsaya cak. Aka juya shi ta gefe, ya ƙi. Aka kwantar da shi, ya ƙi. Masu ɗaukar kaya suka ce a cire kambin. Ɗan Asalin Bana ya dafe ƙirji. "Kambin kakana? Ku fara cire kaina!" Yana rufe baki sama ta saki ruwa, irin namu mai zuwa a karkace.

Wadda ta cece shi ita ce Aaltje Dekkinga, mai hawan ƙasa na gidan, tsohuwar direbar taragon cikin gari da mijinta ya rasu. Ƙofarta mai faɗi ce, don da can wurin ma'ajiyar kaya ne. Ta leƙo da kyanwa a hannu ta ce, "Maƙwabci, shigo da shi nan kafin ya jiƙe. In ka sami dabara ka ɗauke abinka."

Wani da kunya ta kashe shi. Shi kuwa kafin gari ya waye ya gano cewa dama haka ya tsara. Ashe hawan ƙasa ya fi! Wa zai ɗaga wuya ya kalli sama? Ga kabad nan daf da taga, duk mai wucewa sai ya gani. Ya ce mana, "Na ba da aronsa ga jama'a. Mu a gidanmu ba a san rowa ba."

Daga ranar Aaltje ta shiga uku. Kullum da yamma sai ya sauko cikin karan-miski ya kafa kansa a bakin tagarta. Duk wanda ya rage tafiya, ko igiyar takalmi ya tsaya ɗaurewa, ya kamu. "Dubi sassaƙar nan, Meneer. Hannu ne, ba inji ba. A nan kakata ke jera tangaran ɗin da aka kawo mata daga ƙasar Sin." Baƙi 'yan yawon buɗe ido su taru su manna goshi a gilashi, Aaltje na zaune a ciki da cokali a hannu, tana cin dakakken dankalinta da ganye, ana ɗaukarta hoto.

Ita ma ba ta taimaka wa tarihi ba. Ta ga wuri a banza, ta jera gwangwanayen abincin kyanwa a ƙasa, kwalbar baƙar alewa a tsakiya, hoton taragonta a sama. Sai ka ji ƙwas, ƙwas, zoben Meneer Brinkhuis a kan gilashin taga. Yana nuni da yatsa: sauke wancan, matsar da kofi, kore kyanwar. Wallahi ni da nake gefe sai da raina ya ɓaci.

Wata rana ta buɗe taga ta ce, "Maƙwabci, ni ba kifin kwalba ba ce. Ka bar ni in ci abinci."

Ya yi murmushin manya. "Mevrouw Dekkinga, ba kowa ke samun zama ɗaki ɗaya da irin wannan ba. Wata rana za ki gode mini."

Ranar zagayen dattawa ta zo. Ya yi aski, ya goge zobe, ya haddace jawabi har Geertje ta gudu gidan ƙanwarta. Ya sauko da fara'arsa, ya juya ga taga, sai ya ga labule. Labule mai kauri, ruwan toka, daga sama har ƙasa, na farko da aka taɓa gani a layinmu tun da nake.

Bai gama haɗiye yawu ba sai ga su. A gaba Mevrouw Van Slingerhove, shugabar ƙungiya, tsohuwa siririya cikin kwat da gwiwar hannunta ta koɗe, tana tura wani baƙin keke da ya girme ni. Ɗan Asalin Bana ya tare su. Ya fara jawabi a gaban labule, yana zana kabad a iska da hannuwa: ga tsawonsa, ga ƙafafun, ga jiragen kakansa. Dattawa suna kallon labule, suna kallonsa. Da ya ga abin ba ya ci, sai ya danna ƙararrawar Aaltje, ya sake dannawa, ya ɗora yatsa ya ƙi ɗagawa. Kuma a daidai lokacin da kowane gida ke kan tebur!

Aaltje ta buɗe ƙofa kaɗan, tana tauna. "Ba mu yi da kai za ka zo ba. Abinci nake ci."

Ta wannan 'yar kafar Mevrouw Van Slingerhove ta hango kabad ɗin, yana sheƙi a ƙarƙashin fitila, da gwangwanayen kyanwa a cikinsa. Ƙofa ta rufe. Shugabar ta juya ga sauran ta ce, "Kun gani? Tana da irin wannan, ta zuba masa abincin kyanwa, ta kuma ja labule. Wannan tamu ce." Ta buɗe jaka ta zaro kati.

Nan fa Meneer Brinkhuis ya manta da kakan kakansa, ya manta da jiragen ruwa. Muryar da ta saba kiran masu sayen dankali ta dawo masa gaba ɗaya, har ƙetaren ruwa sai da aka ji.

"Nata? Nawa ne! Ni na saye shi! Da kuɗina, a gwanjo, na doke mutum shida!"

Mevrouw Van Slingerhove ta zura katin ta ramin ƙofar Aaltje, ta kama kan kekenta, sannan ta dube shi da tausayi na gaske.

"Ayya," ta ce. "Saye ka yi?"