Rasuwar Baƙin Diski na Shagon Haman Mai Bidiyo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, mu mutanen gidan Haman mai ɗaukar bidiyo na unguwar Briqueterie muke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar baƙin diskinsa na ajiya, wanda ya cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha ɗaya a bakin aiki.

Marigayin mai riƙon amana ne. Ɗaurin aure, suna, saukar karatu, duk na unguwar nan yana cikinsa, kuma bai taɓa kai maganar wani gida wani gida ba. A cikinsa ne Jiddah, matar Haman, Allah ya jiƙanta, take zaune tana yi wa jaririyarta Ilham waƙa. Daga tsohon kaset aka kwaso. Muryarta ba ta saura ko'ina a gidan nan ba sai nan.

Bara Ilham, da yake ta shiga jami'a, ta matsa wa uban ya ɗora bidiyoyin a ma'ajiyar bulokcen. Wai can yanyanka fayil ake yi ƙanana, a kulle, a rarraba wa kwamfutocin mutanen da ba su san juna ba, ko ɗaya ta mutu sauran na riƙe. Mabuɗin kalma goma sha biyu ne. Ta ce ya rubuta a takarda ya ɓoye. To, Haman ɗan Briqueterie ne, ya san duk takardar unguwar nan ƙarshenta naɗe tsire. Sai ya ɗauki hoton kalmomin, ya yage takardar, ya adana hoton a inda ya fi yarda da shi, wato cikin marigayin.

Jinyar kwana uku ce. Ya fara da ƙas, ƙas, ƙas, sannan ya yi shiru. Najib mai gyara na unguwar Messa ya buɗe ya duba, ya mayar da murfin a hankali.

Diskin ya rasu ya bar bidiyo ɗari huɗu da ɗoriya, dukansu da rai, warwatse a ƙasashen duniya, babu mai iya buɗe su. Haman ya tuna kalma bakwai. Yana zaune a shago yana maimaita su. Ilham kuwa abinci kawai take kai masa.

Ba za a bai wa masu sayen ƙarfe gawar ba. Ranar Juma'a bayan la'asar za a naɗe ta da mayafin Jiddah a sa a akwatin marigayiyar. Ana karɓar gaisuwa a shago. Don Allah, mai zuwa kada ya tambayi bidiyon bikinsa.