Baƙon da Ya Faɗo Gonar Kabejina

Jama'a, ranar Laraba na yi sammako zuwa gona in sare kabejina kafin ƙanƙara ta sauko, sai na tarar baƙo ya riga ni. Wata ƙatuwar balan-balan ce kwance tsakiyar kunya, da ƙullin leda a gindinta. Iska ce ta ɗauko ta daga tsallaken kogi, wajen 'yan'uwanmu na Koriya ta Arewa, masu makamin ƙare dangi.

An sha ja mana kunne: in kun ga irinta kada ku taɓa, ku buga wa hukuma waya. Na buga. Da na sani ƙeya ce.

Kafin hantsi motoci tara sun iso. Wasu mutane cikin fararen kaya, kamar masu ɗiban zuma, suka zagaye gonar da igiya, ni mai ita ina waje. Can sai ga Mai Girma Sarkin Kwantar da Hankali daga birni, takalminsa na ƙyalli. Ya taka kabeji huɗu kafin ya samu inda hoto zai yi kyau, ya juya wa Arewa baya, ya daka mata tsawa: "Ba za mu lamunta ba!" Kai, jarumta sai manya.

Na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, yaushe zan shiga?"

Ya ce, "Sai kwamiti ya zauna, Baba."

"To a gaya wa ƙanƙara ita ma ta jira kwamitin."

Ya yi murmushi, ya ba ni hula mai tambari.

A gida uwargida Geum-ja ta riga ta niƙa barkono, ta auno gishiri, ta kira surukai aikin kimchin hunturu, wato kabejin da muke tsumawa da gishiri da barkono mu adana don cin shinkafa. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Baban Yeong-tae, shekara nawa ana cewa za su jefo mana nukiliya? Ban taɓa fasa kimchi ba. Yau leda ce za ta sa jikokina cin gayan shinkafa har bazara?"

Kwana biyu igiya na nan. Sanyi ya sauko, ya ƙone mini kunya shida ina kallo daga bakin hanya. Sannan aka kwance ƙullin: guntayen sigari, yagaggun takardu, da kashin shanu.

Maƙwabcina Man-bok ya leƙa, ya shinshina, ya zungure ni. "Yaya, ka gode wa abokan gaba. Takin da manyanmu suka yi mana alkawari tun shuka bai zo ba, ga nasu ya iso har gona, ba layi ba cike takarda."

Na ga gaskiyarsa, na roƙa a bar mini ko kashin shanun in rage asara. Ina! Shi ma sun sa shi a mota sun tafi da shi birni. Wai hujja ce.