Harsashin da Ya Yi Tari

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kusa raba ƙanin matata da yatsun hannunsa na hagu ba. Shi kuwa likitan haƙori ne, da yatsun nan yake ciyar da gida biyu, nasa na Birmingham da na mahaifiyarsu a Kano. Zan ba da labarin daki-daki, don ni ba na son magana a hargitse.

Na farko, ni mutum ne mai tsari. Karatuna bai yi nisa ba, amma na shekara da shekaru ina kula da sito a wani kamfanin kayan gini a Manchester, ba a taɓa neman ƙusa an rasa ba. A gidana na Levenshulme ko takalma sun san layinsu. Shi ya sa Kabiru, ƙanin matata Hajara, ya laƙaba mini Sajan. (Akwai wasa tsakaninmu, ba yadda zan yi da shi, amma ban taɓa amsa sunan ba.)

Na biyu, Kabirun nan ne ya ja ni harbin faifan yumɓu, a tsakiyar shekarun dubu biyu da 'yan kai. Inji ne yake cilla faifai sama, kai kuma ka bi shi da bindiga. Ni da kakana maharbi ne, ran farko na harbi iska fiye da sau goma, Kabiru yana ta dariya. Abin ya tsaya mini a rai. Na cika takardu, ɗan sanda ya zo gida ya duba akwatin ƙarfen da zan riƙa kulle bindiga, ya sha shayi, lasisi ya fito. Hajara ba ta so ba ko kaɗan.

“Malam, kai da gemu, a ƙasar nan, a wannan zamani, ka rasa abin sha'awa sai bindiga?”

Na ce mata komai nawa bisa doka yake. Ta ce ita dai ta faɗa.

Na uku, da na kasa fin Kabiru harbi sai na nemi inda zan fi shi. Na ji cewa tsofaffin 'yan wasan ba sa yar da kwanson harsashi, a gida suke sake cika shi da hannunsu. Kabiru kuwa ko ƙwan lantarki ya mutu sai ya kira mai gyara. Na ce to, ga fagena.

Wata Asabar na tuƙa zuwa Birmingham, na ɗauke shi a Sparkbrook, muka je wani tsohon shagon kayan harbi. Mai shagon dattijon Bature ne, yana magana kamar ana cajinsa kowace kalma. Ya nuna mini inji iri biyu. Ɗaya ƙarami, kwanso ɗaya kake sa masa, ka bi shi mataki-mataki har ka gama, sannan ka ɗauki wani. Ɗayan babba, wanda suke kira progressive, yana da faranti mai juyawa da kwalabe biyu a ka, ta albarushi da ta 'ya'yan dalma. Ka ja hannunsa sau ɗaya, ya yi aiki shida a lokaci guda: wannan kwanso yana karɓar albarushi, wancan dalma, na can ana rufe masa baki, gamammen ya faɗo a kwano.

Dattijon ya dafa ƙaramin ya ce mai koyo da wannan yake farawa, don idonsa yana kan abu ɗaya. Babban, in ji shi, yana yin daidai da sauri, kuskure ma da sauri yake yin sa.

Kabiru ya ce, “Sajan, ɗauki na 'yan firamaren mana. Ai ba abin kunya ba ne.”

Wannan magana ce ta zaɓa mini inji. Na gaya wa dattijon cewa ni a wurin aikina motoci uku nake saukewa a lokaci guda ba tare da na ruɗe ba. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ɗauko kwalin babban. (Yanzu na gane irin kallon. Shi nake yi wa sabon ma'aikaci idan ya ce ya san komai.)

Na kafa injin a shed, wato ɗan ɗakin ajiyar da ke ƙarshen lambunmu. Littafin da ya zo da shi na karanta sau uku, na ga bayanin a warwatse yake, sai na zauna na rubuta nawa tsarin da Hausa, mataki tara, na sa aka lulluɓe takardar da roba, ɗaya a bango ɗaya a aljihu. Mataki na tara shi na fi alfahari da shi, don daga kaina ya fito: idan za ka tashi, ko na minti ɗaya ne, ka murɗa makullin kwalbar albarushi ka rufe.

Ranar da na fara aikin gaske, na cika kamar talatin lafiya lau, sai na ji sallama daga cikin gida. Kabiru ne ya zo gaida yayarsa. Baƙo ba ya jira, na murɗa makullin kamar yadda na rubuta, na kulle shed, na fita. Aka gaisa, ya hanya, ya aiki, ya yara, ya Hajiya a gida. Hajara ta kawo tuwo da miyar kuka, muka yi La'asar, aka kawo shayi. Duk wannan lokacin bakina yana ƙaiƙayi. Da ya ajiye kofi na ce, “Taso ka ga aikin maza.”

Na zauna a gaban injin kamar direban jirgi. Ina jan hannu, faranti yana juyawa, harsashi yana faɗowa, ni kuma ina lacca. Wajen arba'in na cika a gabansa. Ya ɗauki ɗaya yana jujjuyawa.

“Sajan, me ya sa bakin wannan ya lotsa ciki? Na shago a shafe suke.”

“Na shago inji ne ya yi su ba da lura ba. Wannan matsewa ce ta yi kyau.”

“To, Allah Ya sa.”

“Kai dai ka ji da haƙoranka.”

Na kwashe na gabansa da na kafin zuwansa, na zuba a jaka ɗaya.

Asabar ta gaba na ɗauko shi muka tafi filin harbin da yake zuwa, a bayan garin Birmingham. Akwai abokan aikinsa biyu, da wasu Turawa suna jiran layi, da wata mata mai suna Margaret da ke kula da tsaron filin, gajeriya mai jar riga. Tun a mota na matsa wa Kabiru cewa yau da harsashina zai yi harbi. Ya yi ta zillewa, na ce ashe bai yarda da mijin yayarsa ba. Kunya ta sa ya karɓa. Har na gaya wa abokan nasa, da Turancina na sito, cewa kowane ɗaya da hannuna na yi shi.

Ya shiga wurin tsayawa, ya saɓa bindiga, ya ce, “Pull!” Faifai ya tashi. Ya ja kunama.

Bindigar ba ta yi ƙara ba. Tari ta yi, “fut”, irin na tsohon akuya. Sai 'ya'yan dalma suka gangaro daga bakinta suka zube a gaban takalminsa. Faifan ya tafi abinsa ya sauka a ciyawa ko ƙwarzane babu.

Wani a layi ya tuntsire. Kabiru ya waigo.

“Sajan, wannan harsashi ne ko maganin mura?”

Kunnuwana suka yi zafi. A nan ne na yi abin da har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na nemi rufe kunya da sauri. Na ce sanyi ne ya kama bindigarsa. Na lalubo wani a jaka, mai shafaffen baki, na miƙa masa.

“Sa wannan. Yi sauri, mutane suna jira.”

Ya buɗe bindigar ta tsakiya, ya fitar da kwanson, ya cusa sabon, yana shirin rufewa.

“Stop!”

Ban san ƙaramin jiki yana iya fitar da irin wannan murya ba. Margaret ta iso, ta karɓi bindigar, ta zare harsashin, ta ɗaga bututun ta leƙa ta sama. Sannan ta miƙo mini ta ce in leƙa. Bindigar mai bututu biyu ce. Ta ɗaya ina hango sararin sama. Ɗayan duhu.

Ta sa sanda ta tura. Toshiyar robar da ke raba albarushi da dalma ta faɗo. A tsakiyar bututun ta maƙale, daidai inda Kabiru yake riƙewa da hannun hagu. Margaret ta yi bayani a natse, cewa da an harba cikakken harsashi a bayan wannan toshiya, ƙarfen yana iya tsagewa a nan. Ta ɗora yatsa a wurin. Kabiru ya dubi hannunsa, ya sa shi a aljihu. Babu mai dariya kuma.

Ta tambayi wa ya cika harsasan. (Tambayar banza, tunda na riga na yi shela.) Ta zaɓi mai lotsattsen baki, ta yanka shi da wuƙa a kan tebur. Ga dalma, ga toshiya, albarushi ko ƙwaya babu. 'Yar hular da ke tayar da wuta ce kaɗai ta yi wancan tarin.

Na ce ba zai yiwu ba, ni da tsari nake aiki. Na zaro takardata mai roba, na shiga karantawa da ƙarfi ina fassara mata, mataki na ɗaya, na biyu, har na tara: idan za ka tashi, ka rufe kwalbar albarushi.

Ta ce, “Da kyau. Sai ina kuma aka ce a buɗe?”

Na duba gaba. Na juya bayan takardar. Fari fat.

Kabiru ne ya fara. Dariya ta ƙwace masa, har sai da ya zauna a benci.

“Wayyo Allah! Sajan ya kulle sito, ya yi ta lodin motoci babu kaya!”

Na tsaya da takarda a hannu kamar ɗan makarantar da aka kama da satar amsa. Na ɗauka Margaret za ta kira 'yan sanda, lasisi ya tafi, unguwa ta ji. Ba ta kira kowa ba. Ta ƙulle bakin jakar ta ce kada in harba ko ɗaya, in je in warware su duka, kuma in nemi wanda ya daɗe a aikin ya zauna kusa da ni kafin in sake taɓa injin. Ta ce ba ni ne na farko ba. Na yi mata godiya har sau huɗu.

Na tuƙa mu har muka shigo Stratford Road. Na tsaya a ƙofar gidansa, na kashe inji, na ce, “Kabiru, ka yafe mini.”

Shekara goma sha biyar ina auren yayarsa, bai taɓa jin wannan daga bakina ba. Ya ɗaga hannuwansa biyu yana kaɗa yatsun.

“Goma cif, Yaya. Allah Ya tsare. Amma wallahi sai na gaya wa Anti Hajara, ba zan iya riƙe wannan ba.”

Kafin in kai Manchester ya buga mata waya. Na same ta a bakin ƙofa, ta dube ni, sannan ta ce ta yi nafila raka'a biyu, abinci yana kicin. Ban taɓa cin shinkafa mai daɗin ta ranar ba.

Abin da na koya shi ne, rashin albarushi kuskure ne, kowa yana iya yi. Harsashi na biyun da na miƙa masa kuwa, wannan ba injin ba ne, ni ne, don kada Turawa huɗu da ban san sunansu ba su yi mini dariya. Yanzu idan abu ya kwaɓe mini a gaban jama'a, tsayawa nake yi in sha kunyata da zafinta. Na gwada, ba ta cire wa kowa yatsa.